Ƙwai Biyu a Randar Habboba

Ranar wata Talata ce da hantsi, ina durƙushe a bayan ɗakin Habboba ina jiƙa buhun da nake rufe randa da shi. Na tsoma hannu a bokiti, hannun rigata ya zame sama, sai idona ya faɗa kan wani ɗan wuri a bayan tsintsiyar hannuna na hagu. Fari-fari ne, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na ce toka ce, na goge. Na ce busasshen ƙullun kisra ne, wainar dawar da muke ci, na kankare da farce. Na sa sabulu na dirje har wurin ya yi ja, da jan ya lafa sai farin ya dawo yadda yake. A nan na tuna cewa daidai wurin nan macen tsakar da nake kiwo ta taka sati uku da suka wuce, ranar da ta biyo hannuna ta hau har kafaɗa ina ta dariya. Buhun ya suɓuce mini ya koma cikin ruwa. Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Abin da na sani, kajin Habboba sun zo sun sha ruwan bokitin a gabana, ban kore su ba.

Ku 'ya'yan Yaya Usman, don ku nake wannan rubutu. Kuna ce mini Gwaggo Tsaka, kuma ba na jin haushi, ni na ja wa kaina. Amma na ji yadda ake ba ku labarin a gari: wasu su ce tsaka ta cije ni, wasu su ce na yi wata guda a kwance. Ba ko ɗaya. Gara in rubuta tun abin yana ɗanye a raina, don har yau in na zo alwala sai na juya hannun nan na duba, ko da yake babu komai a wurin. Kuma ina so ku san dalilin da ya sa ƙaramar tsakar nan da kuke rububin leƙawa ake ce mata 'Yar Habboba.

Kawu Abbakar, ƙanen Innarmu, shi ya kawo su. A Madani yake aiki, a ɗakin da masu karatun dabbobi suke ajiye halittun da suke nazari a kansu, shi ke ba su abinci ya share musu wuri. Shekarar da aka rufe karatu wata da watanni, ɗakin ya zauna babu na'urar sanyi, sai aka raba dabbobin ga masu iya riƙewa. Kawu ya ɗauki biyu, mace da namiji. To ɗakinsa na haya rufin kwano ne, da azahar ko ƙwai ka ajiye a ciki sai ya dahu. Shi ya sa ya sa su a akwatin katako mai raga, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul, ya hau bas ya taho ƙauyenmu, inda akwai inuwar darbejiya da iskar kogin Bahar. Ni kuwa lokacin na gama sakandare, ina zaune a gida ba abin da nake yi sai wanke-wanke da kai wa Baba abinci gona.

A ƙarƙashin rumfa ya sauke akwatin. Habboba, mahaifiyar Baba, wato kakarmu, ita ta fara leƙawa, don ta ɗauka tsaraba ce. Ba ta ga komai ba sai rassa da busasshen ganye.

"Abbakar, tun daga Madani ka ɗauko muna akwatin ganye? Ganye ya ƙare garinmu?"

"Hajja, ƙara dubawa dai."

Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa ragar. Sai wani ganye da ke manne a reshe ya buɗe ido, manyan idanu kamar an zuba zinariya, ya fito da harshe ya lashe ido ɗaya.

"Sajami! Tsaka ce!"

Tsohuwar da kullum take kukan gwiwa, ran nan tsalle ɗaya ta yi ta bar takalmi guda a wurin. Ni kuwa matsowa na yi. Ban taɓa ganin halitta irin wannan ba. Jikinta launin ɓawon itace, wutsiyarta shimfiɗaɗɗa kamar busasshen ganye, har da ɗan gefen da za ka rantse tsutsa ce ta ci. In ta kwanta a reshe ta miƙe, sai ka rantse da Allah babu komai a wurin.

Baba ya dawo daga gona ya tarar da mu. Ya leƙa akwatin, sannan ya ce:

"Abbakar, ka san abin da aka sani a kan tsaka. Ko yaro ya san ba a barin ta a gida."

"Malam Umaru, waccan ta bango ce. Wannan baƙuwa ce, daga wani tsibiri can cikin teku, Madagaskar. Zafi kaɗan ke kashe ta. Kuma amana aka ba ni."

Wanda ya san Baba ya san in aka ce amana an ɗaure shi. Ya shafa gemu, ya kafa sharaɗi: a kai su bayan ɗakin Habboba, bokitinsu daban, moɗarsu daban. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce abin da ya zauna mini a kunne:

"Amma ranar da wani abu ya taɓa jikin wani a gidan nan, da fartanyata zan gama da su. Ba sai na yi shawara da kowa ba."

Kwana biyu Kawu ya yi yana koya mini, sannan ya koma. Na kai akwatin gindin darbejiya, na rataya jiƙaƙƙun buhuna ta gefen da iska ke shigowa, na maƙala ma'aunin zafin da ya bar mini. Safe da magariba ina fesa ruwa a ganyen, don ba sa sha a kwano, ɗigon da ke kan ganye suke lasa. Abincinsu gyare ne. Nakan kamo su a ƙarƙashin tulin kara, in daka ɓawon ƙwai ya yi laushi kamar hoda in barbaɗa musu, saboda Kawu ya ce macen tana bukatarsa in za ta yi ƙwai. Da magariba suke farkawa. Sai ka ga ganye ya tashi ya fara tafiya a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sanɗa a ɗakin surukai, sannan wuf, gyare ya ɓace. Wallahi watannin nan ban san lokacin da rana take faɗuwa ba. Ni da nake tashi da safe ban san abin da zan yi da ranar ba, sai ga ni ina da waɗanda suke jirana.

Habboba kuwa ba ta bar ni na sha ruwa ba. Kafin in taɓa tukunya sai na wanke hannu sau bakwai tana ƙirgawa. Ita ce ta ba ni labarin wata Dije, maƙwabciyarsu tun suna yara, wadda aka ce tsaka ta faɗa mata a kunu. Farin tabo ya fara fito mata a hannu, albaras, daga nan aka ce ya zama kuturta.

"Anka ware mata akushi. Bayan ɗaki taka cin abinci, ita kaɗai, da kaji. Har ta koma ga Allah ba wanda ya ƙara sa hannu kwanonta. Ke dai ki yi ta wasa da wagga aba."

Na yi dariya ran nan. Na ce mata a darasin halittu an koya mana ƙwayar cuta ke kawo kuturta, ba tsaka ba. Ta ce to, Allah ya ba malaman haƙuri.

Da damina ta sauka gari ya yi sanyi, wata safiya na ɗaga ganyen da ke ƙasan akwatin sai ga ƙwai biyu. Kewayayyu, farare, kowanne bai fi ɗan goriba ƙarami ba, macen ta mirgina su a ƙasa har sun yi dabbare-dabbare. Na yi ihu har Inna ta fito da muciya a hannu, ta ɗauka maciji ne. Na hau kan tudun bayan masallaci inda waya ke kamawa na aika wa Kawu hoto. Saƙon muryar da ya maido mini, rabinsa kabbara ce, rabinsa umarni. Ya ce a wurinsu shekara biyu ba su taɓa yin ƙwai mai rai ba. Ya ce in ɗiga alama a saman kowanne kafin in ɗaga shi, kuma yadda na same shi haka zai zauna har ya ƙyanƙyashe, kada a juya shi ko kaɗan, don ɗan da ke ciki yana manne a gefe guda, in aka kifar da shi yana iya mutuwa. Ya ce suna son laima amma kada ruwa ya taɓa su, suna son sanyi amma ba na ƙanƙara ba. Wata uku, ko fiye.

Da kwallin Inna na ɗiga musu alama. Na zuba busasshen yashi a murfin kwalba biyu, na ɗora kowane ƙwai a kan nasa, na jera su a ƙaramin kwano mai jiƙaƙƙen yashi. Saura wurin sanyi. Mu da ba mu da firji, ina za mu sami sanyi in ba a randa ba, wadda a nan muke ce wa zir? Na yi tunanin in sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babbar randa, in cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, in rufe da buhu. Randar da ta fi kowace tsatsafo a gidanmu kuwa ta Habboba ce, tsohuwa, baƙa, wadda ta ce tun daga Sinja aka ɗauko mata ita a kan jaki.

Ku sani, Habboba ita ce gwanar ƙyanƙyasa a ƙauyenmu. Mata daga unguwanni suke kawo mata ƙwan zabi ta sa wa kajinta su kwanta a kai. Takan ɗaga ƙwai ga rana ta ce wannan da ɗa, wannan fanko, kuma ba ta kuskure. Da na je roƙon randa na bayyana mata abin da zan yi, sai ta ajiye carbi ta dube ni.

"Tsaya in ji. Ƙwai za ki sanyaya?"

"I, Habboba."

"Ba uwa bisa?"

"Babu."

"Kuma ba a juya shi?"

"Ko kaɗan."

"Shekara sittin ina ga kaza tana juya ƙwanta da baki tana ɗumama shi da ƙirji. Yau jikata ta gama sakandare za ta sa ƙwai cikin zir kamar kankana. Ɗauki. Ɗauki ki tahi, in ga ƙarshen karatun ga. Amma zir ɗin ya haramta gare ni, kada ki maido min."

Haka ƙwai biyu suka tare a randar Habboba. Sau uku a rana ina jiƙa yashi da buhu, ina duba ma'auni. Bayan sati uku na haska su da fitilar waya ba tare da na ɗaga ba, sai na ga cikinsu ya yi ja-ja, da 'yan jijiyoyi kamar zaren lilo. Na zauna a ƙasa na yi ta dariya ni kaɗai.

Suna da kwana sittin da 'yan kai ranar Talatar da na ga tabon.

Abin da na gane ran nan shi ne, karatun makaranta a kai yake zama, tsoro kuwa a ciki. Kaina yana ce mini ba tsaka ba ce, cikina yana ce mini Dije. Na hau tudun masallaci na nemi hotunan farin tabo a waya, abin da na gani ya sa na kashe wayar na sauko. Ban gaya wa Kawu ba, don na san zai kira Baba. Baba kuwa ba ya magana biyu. In na nuna hannun nan da safe, kafin azahar fartanya ta bi ta kan akwati da randa. Saura wata guda ƙwan su fashe. Sai na yanke shawarar da har yau ban san ko wauta ce ko mene ne ba: zan ɓoye har su ƙyanƙyashe, sannan in faɗa, abin da zai same ni ya same ni.

Ɓoyewar ta fi tabon ciwo. Na koma sa riga mai dogon hannu, a zafin nan na bayan damina da ko kadangare yake neman inuwa. Sai kuma wani tunani ya shige ni: in cutar gaske ce, ina sa hannu a faranti ɗaya da Inna da Habboba da uwarku. Na fara cewa ina azumin nafila, Litinin da Alhamis, daga nan na ƙara da ramuwar da ba a bina. Ranar da ba azumi sai in ce cikina, in ɗebi kisra a ɗan kwano in zagaya bayan ɗaki wai zan duba randa. Kwana na uku ina ci a wurin, kaji sun kewaye ni, sai na ga ashe ba wanda ya ware mini akushi, ni na ware wa kaina. Ke Amna, lokacin kina rarrafe, kina miƙo mini hannu in ɗauke ki sai in yi kamar ban gani ba. Kin yi kuka, uwarki ta yi fushi da ni kwana biyu, ta ce tsaka ta fi mini 'yar ɗan'uwana. Ƙawata ta yi aure aka kira ni lalle na ce zazzaɓi nake yi. Tabon ya girma ya kai faɗin murfin kwalba.

Cikin kwanakin nan ne wata rana na buɗe randa na ga ɗigon kwallin ƙwai ɗaya ya koma gefe. Na tabbata a sama na bar shi. Na ce shi ke nan, ruɗewa ta sa na buge kwanon ban sani ba, na kashe ɗaya da hannuna. Ban mayar da shi ba, don Kawu ya ce juyi biyu ya fi ɗaya muni. Na rufe randar na yi kuka mai isata.

Ranar wata Alhamis Habboba ta kira ni ta ce kaina ya zama sheƙar ungulu, in zauna ta yi mini kitso. Na ce gobe. Ta ce yanzu. Na zauna tsakanin ƙafafunta, ta zare mini ɗankwali, ta tsaga gashi ta kai ƙeya. Sai na ji hannunta ya tsaya cak. Ashe wani ya fito a bayan wuyana, inda ba na gani.

"Safiya. Ɗaga hannun rigarki."

Ban motsa ba. Ta kamo hannun da kanta ta naɗe.

"Tun yaushe?"

"Sati uku da kwana biyu."

"Shi ne azumin da kika ɗauka? Shi ne ciwon ciki?"

Na fashe da kuka, na ce mata ta yi wa Allah kada ta gaya wa Baba sai ƙwan sun fashe, na ce na riga na kashe ɗaya, kada a kashe ɗayan. Na ce in an ware mini kwano ba komai, na saba. Ina jira ta ture ni ta tashi ta wanke hannu. Sai na ji ta ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Ba ke kinka juya shi ba. Ni ce."

Na ɗago na dube ta.

"Kin tahi kai abinci gona, na ga buhun ya bushe, na jiƙa. Tun farko ni ka jiƙa shi da azahar, ke kina cewa zir ɗin ne da kyau. Ran nan na buɗe na leƙa. Raina bai ba ni in ga ƙwai wata biyu kwance gefe guda ba, ba uwa, ba mai taɓa shi. Na sa yatsa na mirgina guda. Sai na ga kwallin, na tuna maganarki. Kunya ta hana ni faɗi."

"Habboba! Da hannunki kika taɓa?"

"Da ƙafa zan taɓa? Ita ma uwar ta taka ni. Na kai mata gyare, ta biyo yatsana. Tafin ƙafarta kamar auduga, 'yar banza."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini a tsakiyar kuka ba. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ƙwala wa Inna kira ta ce a kawo abincin rana nan ɗakinta. Da aka ajiye farantin kisra da miyar kuɓewa, ta kamo hannuna ta tsoma a miyar, ta jira na yi loma, sannan ta sa nata daidai wurin da na ɗiba ta ci.

"Na ga abin da anka yi ma Dije, ina yarinya, ban ce komi ba. Ba a ƙara yin shi ina da rai. In ciwon tsaka ne, mu biyu ta taka, akushinmu guda."

Ita ta gaya wa Baba, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya dubi hannuna, idonsa ya kaɗa, ya juya ya ɗauki fartanya a jikin danga ya nufi bayan ɗaki. Ya tarar da Habboba ta riga shi, ta dasa kujera tsakanin akwati da randa ta zauna, carbi a hannu.

Ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, na yi magana a gaban mutane."

"Ka yi. Ka ce in abu ya taɓa wani. To wa ya ce maka su ne? Kai likita ne? Lahadi ni da kaina zan kai ta Sinja. In likita ya ce tsaka ce, ni zan miƙa maka fartanya."

"In ya bazu kafin Lahadi fa?"

"Ya yi sati uku bai kashe ta ba. Umaru, wata tara na ɗauke ka ban taɓa yi maka mugun juyi ba, ka ba ni kwana biyu."

Baba ya jingine fartanyar a jikin darbejiya, nan kusa da akwatin, don kowa ya san maganarsa tana nan. Da zai wuce ya dafa kaina. Sai lokacin na gane ba fushi yake yi ba, tsoro ne irin nawa.

Asabar da sassafe, bayan sallar asuba, na ɗaga buhu na leƙa. Murfin kwalba ɗaya babu komai a kai sai fasasshen ɓawo. A jikin tukunyar kuwa, ga wani ɗan ganye manne, bai kai tsawon ɗan yatsana ba, da idanu da suka fi ƙarfin kansa, da 'yar wutsiya shimfiɗaɗɗa, komai da komai irin na uwarsa. Na je na jawo Habboba daga kan sallaya. Ta leƙa, ta ja baya, ta sake leƙawa, sai ta rangaɗa guɗa irin ta haihuwa, har maƙwabta suka leƙo ta kan danga suna tambaya wa ya sauka. Baba ma ya zo ya tsaya daga nesa, hannu a baya, ya ce shi ba kallo ya zo ba, igiya yake nema. Ya daɗe bai sami igiyar ba. Ɗaya ƙwan, mai ɗigo a gefe, yana nan shiru. Habboba ta dube shi, ta mayar da buhun ta rufe.

Lahadi muka hau ƙaramar bas ta farko zuwa Sinja. Duk hanya ina kallon gonakin dawa ta taga, ina lissafin abubuwan da ba zan ƙara yi ba in aka ce shi ne: ɗaukar Amna, karatun da nake buri, zama cikin mata a gidan biki. Habboba tana riƙe da hannun nawa mai tabo a kan cinyarta, a buɗe, duk wanda ya kalla sai ta kalle shi har ya kau da kai. Mun yi layi a asibiti har rana ta take. Da aka kira mu, likitar mace ce, ba ta fi Yaya Usman shekaru ba. Na yi mata bayani da Larabci. Ta ce in rufe ido. Ta shafa auduga a kan tabon.

"Kin ji?"

"Na ji."

Ta ɗan taɓa da bakin allura, na zabura na ce wash. Ta yi murmushi. Ta kankari wurin da gefen wani ɗan gilashi, wani abu kamar dusa ya fito, ta ba da aka tafi da shi, ta ce mu jira. Rabin sa'ar nan ta fi mini sati ukun tsawo. Habboba tana ta jan carbi tana gunaguni da Hausa, tana cewa yarinya ƙarama haka me ta sani. Da takardar ta dawo, likitar ta duba, ta ɗago, sai ta amsa mata da Hausa, irin tamu ta nan mai gauraye:

"Hajja, na san kaɗan. Kyasbi ne. Ba albaras ba, ba kuturta ba. Gumi da laima ke kawo shi. Ga mai, ta shafa sati huɗu, halas."

Na ce, "Diktora, ba tsaka ba ce?"

"Wace tsaka? Tsaka ba ta ba kowa wannan. Kina yawan aiki da ruwa?"

"Sau uku a rana, da jiƙaƙƙen buhu."

"Kuma kika rufe shi da dogon hannu a zafin nan. Ke kika yi ta kiwonsa. Ki ci da kowa, ki ɗauki yara, ki dai riƙe tawul ɗinki ke kaɗai har ya baje. Lafiyarki lau."

Na zauna a kan bencin ina kuka ina dariya, ina juya hannun ina kallo kamar yau aka ba ni shi. Agogon bangon ɗakin ya nuna ɗaya saura kwata, ba zan manta ba. Habboba ta ɗaga hannu ta yi hamdala sau uku, ta ce a rubuta a takarda da hatimi don Umaru ya gani da idonsa ya ɗauke fartanyarsa. Likitar tana rubutawa, sai tsohuwar ta matsa kusa da teburin, ta rage murya kamar mai tambayar abin kunya.

"Ɗiyata, tun da kin san abubuwa. Ƙwan da anka juya sau guda, sau guda tak, da yatsa, a hankali, yana fashewa?"

Likitar ta ɗago ta dube ta, ta dube ni.

"Ƙwan kaza, Hajja?"

Habboba ta karɓi takardar ta soke a bakin zane, ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Bari dai, ba fanninki ba ne. Safiya, tashi mu kama bas. Azahar ta yi, buhun can ya bushe, kuma na bar ɗiyata ita kaɗai cikin zir."